Ta Wuce Miya

A cikin tukwanen simintin da aka jera a ƙofar benen, guda ɗaya ce kawai ke da rai. Sauran sun koma wurin jefa guntun sigari, ta ƙarshen ma wata mage ta mayar da ita ɗakin kwananta.

Hure ta sauko da robar ruwa tana taka matakala a hankali, kamar mai ɗauke da jariri. Ruwan alwalar asuba ne, nata da na mijinta Sabo, haɗe da ɗan abin da na'urar sanyaya ɗaki ta ɗiga. Tun da fari ya tsananta aka koma sako wa unguwar Tandabawi ta Makka ruwa jefi-jefi, mai gidan ya kafa doka: ruwan tanki na sha ne da girki da tsarki, wanda duk aka kama yana ba wa shuka, za a rufe masa famfo.

Abin haushin, ɗan mai gidan ne da kansa, Nawaf, ya kawo tukwanen. Kwamitin unguwa ya ce a ƙawata lunguna, shi kuwa ya sayo furanni ja da shuɗi masu laushi kamar auduga, ya raba wa kowane ɗan haya tukunya guda. Uba ya ce kada a ba su ruwa, ɗa ya ce kada a bari su mutu. Kafin wata ya zagayo duk sun ƙone.

Ranar da Hure ta tumɓuke gawar nata furen, sai ta lura tukunyarta na samun inuwar benen da ke fuskantarsu. Ta hau sama ta kwance wani ƙullin tsumma. Irin kuɓewar garinsu ne, Tasawa, gajeruwa mai yauƙi, wanda yayarta ta kawo mata da ta zo umara. Yayar ta riga mu gidan gaskiya, ba kuma mai sake kawowa. Abin da Hure ta taɓa gwadawa a rufin bene rana ta cinye. Ta yi bisimilla ta shuka sauran duka.

Yanzu kuɓewar ta kai mata ƙugu. Ta yi fure rawaya mai jan ciki, ta zuba 'ya'ya, Hure kuma ba ta tsinki ko ɗaya ba.

Sabo ya sauko a bayanta, zai tafi Harami inda yake tura tsofaffi a keke. Ya tsaya yana kallonta tana tsiyaya ruwan.

"Hajiya, tun yaushe nake alwala a tsugune kan roba kamar agwagwa? Har yau ko yauƙi ban gani ba."

"Na iri ne, Baban Manar."

"Ni ma ai iri ne. Irin mutanen da ke shan miya."

"Ka sha ta kanti, wadda ake daskarewa a leda."

"Wannan kuɓewa ce? Wake ne ya sa koriyar riga."

Ba ta yi dariya ba. Lissafinta ɗaya ne: 'ya'yan su bushe a jikin uwarsu, har in an girgiza a ji suna kacau-kacau, kafin zafin Makka ya shigo. In ya shigo, fure zai buɗe da safe ya faɗi da azahar, ba ɗa ba jika.

Suna nan tsaye Nawaf ya fito da farar jallabiyarsa, waya a hannu. Yaro ne mai fara'a, irin wanda ba ya wuce babba bai gaishe shi ba, kuma a ganin Hure fara'ar ce babbar matsalarsa.

"Masha Allah, ya hala!" in ji shi da Larabci, don hala yake kiranta, wato gwaggo. "Tukunyarki ce za ta fitar da mu kunya. 'Yan kwamiti za su zagayo mako mai zuwa. Amma me ya sa furen ya ragu?"

"Ta ɗauki ciki ne. Ka bar ta, ba ta son hannu."

"Kwantar da hankalinki," ya ce, idonsa a kan waya, yatsansa na ja.

Da la'asar ta fito zubar da shara. Tun daga matakala ta jiyo ƙaran almakashi, ƙyas, ƙyas, sai ta ƙara sauri. Nawaf ne a durƙushe, ya naɗe hannun riga, ga leda cike a gefensa. Kuɓewar ta tsaya tsirara, an yi mata aski tas. Sabo, wanda dawowarsa ke nan, yana tsaye da baki buɗe.

"Na gyara miki!" in ji Nawaf yana share gumi. "Na karanta, an ce in aka cire kawunan da suka mutu, sabon fure zai fito da yawa."

Hure ta shekara ashirin da wani abu a Makka, tana ciniki da Larabci, tana faɗa da direbobi da shi. Amma a wannan lokacin ta lalube shi ta rasa, Hausa ce kawai ta zo.

"Wa ya aike ka? Wa ya aike ka, ɗan nan? Garin gyaran gira ka tsone min ido!"

Nawaf ya dubi Sabo, wanda yake kira ammi, wato baffa. "Ammi, me ta ce?"

Sabo ya tuna matsayinsu. Ba su da takardar zama, ɗakin da suke ciki ma kawaicin uban yaron ne ya bar su.

"Ta ce sannu da aiki."

"Ka gaya masa da ma hannunsa ya yi ƙaiƙayi ya sosa da bango!"

"Ta ce Allah ya yi wa hannunka albarka."

"Baban Manar, ina jin abin da kake faɗa!"

"To ai shi ya sa nake faɗa, Hajiya."

Nawaf ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce ba komai, aikin maƙwabtaka ne. Har zai ɗauki ledar ya kai bola, ta fizge ta.

A ɗaki ta zazzage su a tire. Ta ɗauki mafi girma ta sa farce, ya ƙi shiga. Ta kawo wuƙa ta tsaga da ƙyar. Ƙwayoyin farare ne, masu taushi, in an matsa sai ruwa.

"Ko a miyar ma a samu," in ji Sabo a hankali.

"Ka tauna ka ji. Itace ce. Ta wuce miya, ba ta kai iri ba."

Duk da haka ta shanya su a bakin taga. Ta kuma ci gaba da sauka da roba kowace safiya, tana tsaki, ko Allah zai sa a riga zafi.

Maganar Nawaf ta tabbata, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. Kuɓewar ta cika da fure fiye da da. 'Yan kwamiti suka zo da hantsi, suka tsaya a gabanta suka ɗauki hoto, aka tura magen gefe. A makon ne iska ta juya, ta fara fitowa kamar daga bakin tanda. Kullum da azahar Hure za ta tarar da furanni a ƙasa, ta duba inda suka faɗo, ba komai sai kara.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nawaf ne, fuska kamar gonar auduga.

"Ya hala, albishirinki! Sun ce furenmu ne kaɗai ya jure fari a duk unguwar. Suna so a shuka shi a sauran tukwanen. A wane shago ake sayar da irinsa?"

Hure ta dube shi har ya fara gyara wuyan riga. Ta juya ta je bakin taga, ta ɗauko busasshe ɗaya ta fasa. Ƙwayoyin sun motse, sun shafe kamar ƙaiƙayi, ba ko ɗaya da za ta tsiro. Ta fasa wani, ta fasa wani, ta dawo ta juye masa a tafin hannu.

"Ga shi."

Ya rufe hannun da ɗaya hannun don kada iska ta kwashe. "Yaushe zai tsiro?"

Sabo ya buɗe baki, ta ɗaga masa yatsa. Wannan karon Larabcin ya zo mata sumul.

"Sai an yi haƙuri, ɗana. Ka riƙa ba shi ruwa da kanka, safe da yamma."

Ya yi godiya, ya sauka yana taka matakala a hankali.