Hotunan da Suka Ƙi Fita

Tun da Mai Hoto ya rufe shagonsa ya zauna a gida, wayar 'yarsa Auta ba ta wuce gaisuwa. Ya jiki, ka sha magani, sai an jima. Yarinyar tana can wata ƙasa mai nisa tana binciken ƙwari, aikin da shi dai bai taɓa gane kansa ba. Idan ta kashe wayar sai ya yi zuru, kamar wanda aka ɗauke wa kwano yana tsakiyar ci. Kewarta yake yi sosai, amma ba ya cikin mazan da ke iya faɗa.

Wata safiya ya ga ƙananan ramuka a gindin katanga, inda siminti bai kai ba, kowanne da ɗan tulin ƙasa a bakinsa. Wasu ƙudaje masu gashi-gashi suna ta shiga da fita. Ya ɗauke su da waya a gurguje ya tura mata, don ta gaya masa maganin da zai fesa.

Ba a jima ba sai ga kiranta. "Baba, kar ka fesa komai. Ƙudan zuma ne, irin masu haƙa rami, kowace mace da ɗakinta, ba sa yin saƙa. Amma jinsinsu da yawa. Sai na ga jijiyoyin fiffike da gashin ƙafar baya kafin in san wanne ne. Wannan hoton naka ya yi dishi-dishi."

Ranar sun yi hira har shayinsa ya huce.

Washegari ya ciro kyamararsa daga akwati, ya goge gilashin, ya kwanta rub da ciki a tsakar gida, dattijo guda da shi, maƙwabciya tana leƙe ta katanga tana tambaya ko allura ce ta faɗi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kama yara masu ƙiriniya a hoto, ai ƙuda ba zai gagare shi ba. Kafin rana ta yi zafi ya samu abin da ake nema: fiffike ya fita tar, jijiya ɗaya-ɗaya, ƙafa cike da garin fure.

Ya daɗe yana kallon hoton. Idan ya tura, za ta faɗi sunan, wani dogon suna na boko, shi ke nan a koma ya jiki, ka sha magani. Sai ya ɗaga kyamarar, ya karkaɗa hannu da gangan, ya sake ɗauka. Wannan ɗin ya juye a waya ya tura.

Haka aka yi ta yi. Yau fiffiken ya dushe, gobe rabin ƙudan ne kawai ya shigo. Ita kuma ta kira ta yi masa mita, daga mita su gangara labarin gidan hayarta, da abokan aikinta, da yadda marigayiya mamanta take hayewa kujera idan ta ga kyankyaso. Bai taɓa sanin ɓata hoto ma sai da gwaninta ba.

Ran nan ta kira, muryarta babu wasa.

"Baba, na zauna na jera hotunan nan gaba ɗaya. A shagonka na tashi. Ban taɓa ganin hannunka ya yi rawa ba."

Ya gyara zama, yana jiran ya sha kunya.

"Tun yaushe abin ya fara? Ka je asibiti?" Ba ta jira amsarsa ba. "Don me kake ɓoye mini? Na riga na nemi hutu. Zan taho in gan ka da idona."

Ya dubi hannunsa a kan gwiwa, lafiya lau, ko motsi ba ya yi. Ya ji tana jan hanci a can nesa, tausayinta ya kama shi ƙwarai, don ya san kalma ɗaya ta isa ta kwantar mata da hankali. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya.

"Auta," ya ce, "wace rana za ki iso?"