Kimba a Tukunyar Mairama

Mairama ta kara kunnenta a jikin tukunyar, ta ji har yanzu giyar tana ƙunƙuni. Ƙullin dakakkiyar kimba da citta na hannunta, zufa ta jiƙa shi, amma ta daure ba ta jefa ba.

Haka mahaifiyarsu ta koya mata. In ka saka kayan ƙamshi giya na tsakar tafasa, kumfa ya kwashe ƙamshin ya bar maka ɗaci. In ka yi nawa bayan ta yi shiru, tsami ya riga ka. Ita kuwa Mairama gaggawa gare ta tun tana yarinya, ga shi har furfura ta cika mata kai ba ta taɓa dacewa ba. Kowace kaka yayanta Hamma zai zo daga Ollelewa, ya kurɓa, ya yamutse fuska, ya ce ta sake shiga gaban tukunya. Daga nan su yi ta cacar baki har ƙwarya ta ƙare.

Wannan cacar bakin ce kaɗai ta rage mata. A unguwarsu ta bayan Gangara kowa ya kama salla, har 'ya'yan cikinta ba sa taka zaurenta ranar da ta dafa tsiron gero. Sojojin Nasara masu wucewa Agadas sun taɓa aiko a sayar masu, ta ce ba ta kasuwa ba ce. Sau ɗaya take yi a shekara, don mutum ɗaya, kuma bana ta rantse sai Hamma ya haɗiye maganarsa.

Da hantsi ƙunƙunin ya koma kamar numfashin mai barci. Hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, ta zauna a kansa. Sai da rana ta take, tukunya ta yi tsit, ta saki ƙullin a hankali, ta rufe da faifai.

Washegari jakin Hamma ya tsaya a ƙofar gida. Hamma ya rame, ya tsayar da gemu. Suka gaisa, ta tambayi iyali, ya tambayi gona. Ba ta iya jira ba, ta tace, ta cika ƙwaryar mahaifiyarsu, ta durƙusa ta miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ya lumshe ido, ƙamshin ya kai masa, ya daɗe haka.

"Ta Inna ce sak," ya ce. "Bana kin jira."

"To kurɓa mana, Yaya."

Sai a lokacin ta lura da tasbahar da ke wuyansa. Ya ce tun damina ya bi malamin garinsu, ya rasa wanda zai aiko ya gaya mata, shi ya sa ya zo da ƙafarsa. Ya roƙi ruwan randa, ta kawo, ya sha ya gode. Bai yi mata wa'azi ba, ita kuwa da ma faɗa ya yi da ya fi mata sauƙi.

Da azahar ya ɗauki butarsa ya fita bayan danga. Mairama ta zuba kaɗan a ƙasa don Inna, ta kai ƙwaryar baki. Ba ta taɓa shan mai daɗinta ba. Ta juya don ta faɗa masa, sai ta ga tabarma kawai da takalmansa.