Cigiyar Malam Ƙasimu

Kwana uku ke nan da Malam Ƙasimu ya fita daga gida a Farin Dutse bai dawo ba. Tsufa ya fara taɓa masa ƙwaƙwalwa, wani lokaci ko 'yarsa Bara'atu ba ya ganewa. An yi cigiya a masallatai, an duba gonaki. Shiru.

Bara'atu ta hau mota zuwa Birnin Kudu, ta shiga shagon Yahuza mai buga katin biki da fosta, ta ajiye hoton tsohon a tebur.

"Malam, a jikin turakun lantarki na bakin titi zan manna. Ina so na cikin mota ma ya karanta."

"Turke ba shi da faɗi, Hajiya. Suna da lambar waya ba za su shiga ba."

"Ka matse su, don Allah."

Yahuza ya yi ta sauya haruffa a kwamfuta har ya tsaya kan wasu dogaye, matsattsu, masu 'yan ƙafafu. Kowane harafi gefe ɗaya kauri, ɗayan siriri kamar zare. Da su yake rubuta sunayen amare. Komai ya shiga. Ya buga ɗaya, aka yi fotokofin ɗari biyu.

Ita da mijinta suka manna su har Gwaram. Kwana biyu wayarta na hannunta, ko alwala da ita take zuwa. Ba wanda ya kira.

Ran Laraba ta tsaya a tsallaken titi ta dubi takardar. Siraran layukan duk injin fotokofi ya cinye su, huɗun da ke cikin lambarta ta koma ɗaya. Ta buga lambar yadda ta gan ta.

Wani ya ɗauka cikin faɗa. "Ku ne masu tsohon? An hana ni sakat! Wani daga Sundimina ya kira ni sau uku, wai a zaurensu ya kwana."

"Baba, ka yi wa Allah ka ba ni lambarsa. Mahaifina ne."

Ya ba ta. Da suka isa Sundimina, mai gidan ya ce tun safiyar jiya tsohon ya sha koko ya fice, bai ce ga inda za shi ba. Bara'atu ta durƙushe a ƙofar zauren tana kuka.

Ta kira Yahuza. Bai kare kansa ba. Ya rufe shago, ya sayo baƙin alƙalamin maka mai kaurin rubutu guda biyu, suka bi turakun ɗaya bayan ɗaya cikin rana suna kaurara lambar da hannu.

Ran Juma'a da hantsi wata mai tallar nono ta kira daga Yalwan Damai. Ta ce tsohon yana zaune gindin ɗorawa, ƙafafunsa sun kumbura, ya ƙi tashi. Da Bara'atu ta iso, ya dube ta ya tambaye ta hanyar Farin Dutse.