Wanda Ya Yi Sallama a Zaure

Ni na kawo fim ɗin gidanmu, kuma har yau ina cizon yatsa. Munzali mai tura finafinai a waya, can kusa da rijiyar Kusugu, shi ya cusa min shi, wai sai na dawo na gode masa. Da na san abin da ke ciki, wallahi ko kyauta ba zan karɓa ba.

Yayana Kalilu ya bar Daura shekara biyar ke nan da 'yan watanni. Ta Mai'adua ya tsallaka, zai je haƙar zinari can arewacin Nijar. Sau uku ya bugo waya, daga nan lambar ta daina shiga. An tambayi direbobi, an tambayi waɗanda suka dawo, an yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka. Babu wanda ya ga gawarsa, babu kuma wanda ya gan shi da rai. Matarsa Firdausi tana nan tare da Innarmu. Wata takwas kacal suka yi da aure ya tafi.

Mahaifinta, Malam Sada na Zango, ya kai maganar gaban alƙali, aka ce a jira shekara huɗu. Wa'adin ya cika. Abin da ya rage shi ne Firdausi ta shiga takaba, ta fita, ta yi wani auren. Malam Sada mutum ne mai kara, ya ce ba zai sa 'yarsa takaba ba sai Inna ta yarda da bakinta. Inna kuwa ta ce ba a yi wa mai rai takaba a gidanta.

Na yi magana har na gaji. Ni dai kowa ya san bakina ba ya ajiye magana.

"Inna, yarinyar nan shekarunta ashirin da huɗu. So kike ta tsufa tana miki daka?"

Ta ce, "Murjanatu, in kin gama ki miƙo min buta."

Ita kuma Firdausin ba ta cewa uffan, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Sai dai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

To ran nan bayan la'asar muka baje tabarma, na jingina wayar da ƙwarya muka fara kallo. Ashe labarin wani magidanci ne da ya tafi neman kuɗi ya ɓata, matarsa na ta jira. Na so in kashe, Inna ta riƙe min hannu. A ƙarshe matar tana shara a tsakar gida, sai aka yi sallama daga zaure, muryar namiji, kiɗa ya rufe rabinta. Ta yar da tsintsiya ta miƙe, ta nufi ƙofa. Nan hoton ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa.

Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ya dawo. Je ki karɓo kashi na biyu."

Duk finafinan da ta sani haka suke, in an yanke a bakin ƙofa, kashi na gaba ne zai buɗe ta. Na je wajen Munzali, ya rantse babu wani ci gaba. Inna ta ce ƙarya yake, rowa ce. Washegari da ciwon gwiwarta ta hau keke napep ta same shi har shago, ni ina biye da ita kunya na neman kashe ni.

Ya ce, "Inna, wallahi nan suka tsaya. Sun bar wa mai kallo ne, kowa ya ƙarasa da kansa."

Ta ce, "Wane irin aiki ne wannan, a ɗauko rayuwar mutane a ajiye a zaure a tafi?"

Tun daga ranar kullum bayan la'asar sai na mayar mata da ƙarshen. Ta kara wayar a kunne, ta ce muryar mijin ce, ita ta gane. Na ce kiɗa kawai nake ji. Ta ce ai ni tun ina yarinya ba na jin abin kirki. Kwana tara muka yi a haka.

A rana ta goma ta juya wajen Firdausi, wadda ba ta taɓa sa baki ba.

"Ke 'yar nan, ki raba mu. Wa ya yi sallamar?"

Firdausi ta ɗago kai.

"Inna, ba shi ba ne."

"Kin ga fuskarsa?"

"A'a. Amma mai gida ba ya tsayawa a zaure yana jiran a amsa masa, yana sallama yana shigowa ne. Kuma ki duba, kafin ta nufi ƙofa sai da ta zaro mayafi daga igiya ta rufa. Da muryar mijinta ta ji, da gudu za ta yi yadda take."

Inna ta ce in mayar. Na mayar. Ga shi nan kuwa, hannun matar ya kai igiyar shanya ya jawo mayafi, abin ƙiftawar ido. Sau goma na kalli wurin ban lura ba.

Inna ta ce, "Yaushe kika ga wannan?"

"Tun ranar farko."

"Kika yi shiru?"

"Kin ce shi ne, Inna. Kullum sai in zauna in ce ko yau ni ma zan ji muryarsa." Hawaye suka zubo mata. "Duk sallamar da aka yi a gidan nan shekara biyar, ni ma mayafi nake ɗauka."

Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar duk faɗan da na riƙa yi a kanta, kamar ni na fi ta sanin abin da ke damunta. Inna ta kife wayar a kan tabarma. Ba ta yi kuka ba, na fi son a ce ta yi.

Can ta ce, "Murjanatu, gobe ki je Zango ki gaya wa Malam Sada na yarda. Amma a nan za ta yi, a ɗakinta."

Ta jawo Firdausi ta kwantar da kanta a cinya, ta fara cire mata ɗan kunne. Sai da ta yi fama kafin na farko ya fita. Yayana ɗan fari ne, tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Ta cire na biyun, ta dunƙule su a tafin hannu.

Ta ce, "Kalilu, Allah ya jiƙanka."