Zamzam Ɗin Da Ya Je Palermo Ya Dawo

Ranar Lahadi da la'asar Sharfuddeen ya dawo daga Italiya. Ya jawo akwatinsa har tsakiyar falon gidan da suke haya a unguwar Al Qusais, can ƙasar Larabawa inda suke aiki, kumatunsa sun ciko a kwana huɗu kacal. Halliru na zaune a ƙasa, waya a cinya. Tun safe bai leƙa ko ƙofa ba.

Taubasai ne, mahaifin Sharfuddeen ƙanin Innar Halliru ne. Shi Sharfuddeen injiniya ne mai albashi, takarda ɗaya kamfaninsu ya rubuta aka buga masa biza. Halliru kuwa awon kaya yake yi a wani ofishin kargo a unguwar Port Saeed, sau biyu ya nemi bizar Italiya, sau biyu aka maido masa da fasfo ba komai. Ba yawon buɗe ido yake so ba. Yayansa Nasrullahi ne kwance a can, shekara shida ke nan, tun da jirgin ruwan da ya ɗauko su daga Libiya ya kife. An binne shi a wata makabarta a bayan garin Palermo, ba suna, sai lamba 214. Wani abokin tafiyarsa da ya tsira ne ya aiko musu da lambar.

Da Inna ta ji ɗan ƙaninta zai je hutu garin, sai ta aiko da 'yar kwalbar zamzam daga Kano ta hannun wani ɗan kasuwar Kwari, naɗe cikin ƙyallen atamfa. Sallahun bai da yawa: ya zuba ruwan a kan kabarin, ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya, ya ɗauko hoto ta ga inda ɗanta yake. Yau da la'asar ta ce za ta kira.

"Habibi, ka yi asara!" in ji Sharfuddeen, ya faɗa kan kujera. "Garin nan tsufa ne da shi kamar Dala. Ka san Musulmi sun taɓa mulkinsa? Mai yi mana jagora ya ce masallaci wajen ɗari uku aka yi. Da idona na ga aya rubuce a jikin ginshiƙin wata babbar coci, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi."

"Ka je?"

"Shwaiya, a hankali mana, bari in huta. Sai abinci! Akwai wata dunƙulalliyar shinkafa, arancina suke ce mata, a cusa nama a ciki a soya, ƙosai ya zo ya ga ubangidansa. A kasuwar Ballaro kuma har saifa suke sawa cikin burodi, kamar a bakin Ƙofar Wambai. Na ce ashe Turawa ma 'yan kayan ciki ne."

"Injiniya, tambayarka na yi. Ka je?"

"Na je mana. Khalas, shi ke nan, an yi komai."

"Ina hoton?"

Sharfuddeen ya shiga murza waya. Halliru na hango abin da ke wucewa: faranti, faranti, ƙofar coci, Sharfuddeen riƙe da kifi, wani faranti. Ya ce hoton na cikin ɗaya wayar, ita kuma caji ya ƙare. Ya tura akwatin da ƙafa.

"Buɗe ka ɗauki tsarabarka. Man zaitun ne da cuku, ka daina cin burodi gaya kamar ɗan gudun hijira."

Da a ce jiya ne, da Halliru ya rama, don tsakanin taubasai ba a barin ta kwana. Amma ba yau ba. Ya zuge akwatin, ya ɗaga riguna, ya ture kwalin alawa. A can ƙasa, kusa da takalmi, ya ga ƙyallen atamfa kore. Ɗaurin Inna ne, irin ƙullin da take yi wa bakin buhun gero, ba wanda ya taɓa shi. Ya ɗaga kwalbar saitin taga. Ruwan na nan har wuya.

"Wannan fa?"

Sharfuddeen ya sosa ƙeya.

"To, ka ji gaskiya. Na bar shi sai ranar ƙarshe. Na je bakin ƙofar, wallahi na je, na tarar sun rufe tun azahar. Jirgina ƙarfe shida. Ya kake so in yi, in haura katanga?"

"Kwana huɗu."

"Kwana uku da rabi. Kuma wurin da nisa, mota biyu ake hawa."

"Cocin nan mota nawa ka hau? Saifar fa, a ƙofar otel aka kawo maka?"

"Kai, kar ka ɗaga mini murya. Hutuna ne, ni na yi aikin shekara na same shi. Ban aiki Nasrullahi ya hau teku ba."

Halliru ya miƙe tsaye. Har ya dunƙule hannu, sai ya tuna abin da ke cikin ɗayan, ya ajiye kwalbar a kan tebur a hankali.

"Maimaita."

"Ba haka nake nufi ba." Sharfuddeen ya sassauta murya, ya matso. "Ji nan, mu yi dabara. Hotunan makabartun can sun cika intanet. Mu samo ɗaya, in gyara lambar, minti biyar. Gwaggo idonta ya yi rauni, ina za ta gane? Hankalinta ya kwanta, mu sami lada. Ruwan kuma mu shanye, ai zamzam ne, ba ya ɓaci."

Abin da ya fi ƙona wa Halliru rai shi ne, sai da zuciyarsa ta ɗan karkata. A ransa ya hango Inna ta kai wayar dab da ido, ta shafa gilashin da yatsa, ta kira maƙwabta su gani. Daga nan har ta koma ga Allah, kabarin wani baƙo za ta riƙa sumbata kowace asuba.

Wayar ta fara ruri. Inna ce, kiran bidiyo.

"Kar ka ɗauka," in ji Sharfuddeen. "Yalla, ba ni minti biyar kawai."

Halliru ya ɗauka. Fuskarta ta cika wayar, goshi da rabin mayafi, don kullum kusa take riƙewa.

"Halliru, ɗan'uwanka ya sauka lafiya? Ya ga yayanku?"

"Ya sauka, Inna. Ga shi nan, har ya yi ƙiba."

Ya jingina wayar a jikin kwalbar man zaitun, saitin kujerar Sharfuddeen. Ya ɗauko zamzam ɗin da ƙyallensa ya dasa a gaban kyamara, inda ko mai rabin ido zai gane ƙullinsa.

"Gwaggonka ce," ya ce. "Fara mata da shinkafar."

Ya zura takalmi ya fita. Yana jan ƙofa ya ji muryar Inna, ƙasa ƙasa, tana cewa, "Sharfu, wancan ba ƙyallena ba ne?"