Gidan Zanzaro a Kan Ajasta

Bakaniken ya ɗora sifana a kan ajasta ya danna da iyakar ƙarfinsa, ko gezau. Ƙarfen nan da ke ɗame fambel ya cije kamar tare aka haife shi da injin. A gefensa zanzaro ya gina gidan laka, ɗaki bisa ɗaki, har ya liƙe ƙofofin ya bar 'ya'yansa a ciki suna barci.

"Injiniya, yau ma ya ƙi?" in ji Baba daga kan benci. Haka yake kiran ɗan nasa in yana son tsokana.

"Ya ƙi, Baba."

Motar a-kori-kura ce ta Baba, da ita ya ciyar da gidan. Amma yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma ranar da ya tuƙa ta a ƙarshe katangar maƙwabci ya runguma, daidai inda yara ke zama da yamma. Allah ya sa ba kowa. Sai 'ya'yan suka haɗa baki: a kai ta garejin yayansu bakanike, a yi ta cewa ana gyara har tsoho ya manta.

Bai manta ba. Kullum da safe sai ya lallaɓo da sandarsa, makulli a aljihu. Da farko cewa ajasta ya cije ƙarya ce tsagwaronta. Da damina ta wuce a kan motar, tsatsa ta shiga, ƙaryar ta zama gaskiya. Wannan ya fi komai damun bakaniken, sai yake ganin kamar ƙarfen ma ya ji shi ya yarda.

"Ɗiga masa man birki," in ji Baba. "Ka bubbuga shi a hankali, kamar kana tashin jariri. Ba a yi wa ƙarfe tsawa."

Ya yi hakan don kada ya yi wa uba musu. Ya ɗiga, ya bubbuga, ya sake dannawa da rabin zuciya.

Ƙas!

Ajasta ya saki. Ya ji shi yana motsi a ƙarƙashin sifana, da rai, yana turo hannunsa. Ya daskare a sunkuye, gumi na ɗiga a kan injin.

"Yaya?"

"Har yanzu dai, Baba."

Zanzaro ya dawo, ya kewaye kan bakaniken, ya sauka a gidansa.

"Yanar a ido take, ɗan nan. Ba ta kai kunne ba," in ji tsohon.

"Baba, mu fa..."

"Na san katangar da na buge. Na san masu zama a gindinta, da sunayensu. Da kun faɗa mini a fuska, da ba ku sa ni sintiri wurin gaida ƙarfe ba." Ya laluba aljihu. "Saka fambel ɗin. Kai za ka ja, ni in zauna a gefe in ji kukanta. Kuma kada ka rushe wa mai lakar nan gida. Shi ma ce masa aka yi motar ba ta tashi."

Ya miƙa makullin, amma can gefe, wajen tulin tayoyi, inda ba kowa.

Bakaniken ya ajiye sifana a hankali. Ya taka ba ƙara, ya je ya tsaya daidai inda hannun ya nuna, sannan ya karɓa da hannu biyu.