Layin Gindin Shinge

Tela ya ɗaga gefen ledar, wari ya doke shi har sai da ya kau da kai. Ya taɓa albasar farko, yatsansa ya nutse. Ya taɓa ta biyu, haka. Ƙasar da ke ƙarƙashin ledar ta zama caɓi, alhali daga sama komai a bushe yake ƙamas. Ya ruga ya kashe injin ruwan.

Gonar ba tasa ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, wanda kowa ke kira Mai Leda tun shekarar da ya lulluɓe kunyoyinsa da baƙar leda, ya huda mata ramuka, ya ja siraran tiyo a ƙarƙashi suna ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan. Mutane sun sha dariya, Tela ne ma kan gaba. "Tunda riga ka yi wa gonar," in ji shi, "kawo in sa mata aljihu." A shekarar rijiyoyi suka ja baya, albasar kowa ta ƙone, ta Mai Leda ta fito kamar dunƙulen hannu. Dariya ta ƙare, suna ya zauna.

Mako uku ke nan da ciwon ƙirji ya kwantar da Mai Leda. 'Yarsa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara biyu, ba ta iya barin gefensa, kuma albasar nan ita ce cinsu da shansu na shekara. Tela ya ce a bar masa gonar, ai kunna inji ba ɗinkin kwat ba ne. Mai Leda ya miƙa masa makulli, ya ce cikin tari, "In ganye ya kwanta, ka rufe ruwa."

Tela ya ji sarai. Amma ranar da ya ga ganyen ya yi rawaya ya zube a kan leda, rana na dukansa, zuciyarsa ta ƙi. Ga amininsa na shekara talatin yana bushewa a gida, ga gonarsa tana bushewa a nan, shi kuwa ba zai tsaya ya kalli duka biyun ba. Ya ƙara ruwa safe da yamma, kwana goma cur, yana jin kansa wani gwani.

Yau da ya kashe injin, sau uku ya wanke hannu da sabulu kafin ya shiga gidan Mai Leda.

"Baba Tela, tun ɗazu yake cigiyarka," in ji 'yar, ta ba shi hanya ta fita.

Ɗakin na warin man zafi. Kwalaben magani sun jeru a kan taga, takalman gona na bakin ƙofa da busasshen taɓo a jikinsu. Mai Leda ya ƙanƙance a gadon ƙarfe, idanun ne kaɗai ba su canza ba.

"Ka rufe ruwan?"

"Na rufe, Yaya."

"Yaushe?"

Tela ya zauna a bakin gadon. Mai Leda ya lalubo hannunsa, ya kai hanci, ya daɗe bai sake ba.

"Sabulu ba ya fitar da wannan," ya ce.

"Na kashe maka gona, Yaya. Gani na yi ta kwanta, na ce ƙishi ne."

"Albasa in ta kwanta ba ƙishi take ji ba. Ta gama ne, sai a ƙyale ta." Tari ya sarƙe shi, ya daɗe kafin ya lafa. "Kai da wandona ma sai ka ƙara masa tsawo, me zai hana ka ƙara wa gona ruwa?"

Tela ya so ya yi dariya, kuka ya zo a madadinta.

"Share fuskarka, kada yarinyar nan ta gani. Layin gindin shinge, tiyonsa ya toshe tun kafin in kwanta. Kullum sai in ce gobe zan gyara. Je ka duba shi."

Tela ya koma gonar da sauri. Layin gindin shinge a bushe yake, albasarsa tauri kamar dutse, ɓawonta na ƙara a hannu. Ya tumɓuke ta duka, buhu huɗu a gonar da ta saba ba da arba'in. Yana turo baro a kan layinsu ya hango takalman mutane sun cika ƙofar gidan, ya san bai tarar ba.

Sai bayan kwana uku, da jama'a suka watse, ya baza albasar a inuwar barandar don ta sha iska. 'Yar ta fito ta tsaya a kansa, idanunta a kumbure.

"Kada ka damu kanka, Baba. Kafin ya cika ya gaya mini komai. Ya ce laifinsa ne, ya manta bai ce maka ka rufe ruwan ba."

Tela ya ji kamar an ɗora masa injin a ƙirji. Da zai yi shiru, shi ke nan, maganar ta bi mai ita.

"Ya ce mini, 'yata," ya faɗa a hankali. "Da bakinsa ya ce mini. Ni ne na ƙi ji."

Ta dubi ɗan tulin albasar, ta dubi yaranta biyu da ke wasa a bakin ƙofa, sannan ta miƙo hannu. Ya zaro makullin injin daga aljihu ya sa mata.

Ta shiga ɗaki ta fito da takalman gonar, ta zauna a gefen baranda, ta fara kankare taɓon da tsinke.